"DAMA HAKA TAKE": TSAKANINMU DA MASU GYARAN KWAMFUTA

Rubutun yau da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya natsu.

Kalmomi uku ne suka zama layar zana a shagunan gyaran kwamfuta na yankinmu, tun daga Birnin Kudu har Gwaram: "Dama haka take." Mutum ya kai laftof tana kunnuwa, tana aiki, abin da ke damunta ɗaya tak, ko bakin caja ya saki ko fanka na ƙara. Ya dawo bayan kwana uku ya tarar ko ƙyaftawa ba ta yi. Ya ce injiniya yaya haka? Injiniya ya ɗaga kafaɗa ya ce ai dama haka take, bod ɗinta ya daɗe da tafiya, kai ne dai ba ka sani ba. Shi ke nan an gama shari'a. Shi ne wanda ake zargi, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma kafin ka sa takalmi sai ya tuna maka kuɗin dubawa.

Ku fahimce ni tun yanzu, kada wani ya ce na zo kashe wa yara kasuwa. Muna bukatar masu gyaran nan fiye da yadda suke zato. Mutumin Sara ko Basirka ko Fagam, in laftof ɗinsa ta samu matsala, ba ƙaramin aiki ba ne ya kai ta Birnin Kudu ko Dutse, balle a ce Kano, tafiyar sama da kilomita 100 ta Wudil, a biya mota zuwa da dawowa, a yini a Beirut Road ko Farm Centre, wani lokaci ma a kwana. Duk yaron da ya koyi sana'ar ya dawo gida ya buɗe shago, ya rage mana wannan wahala, kuma a cikinsu akwai masu amana waɗanda ko filash ka manta a jaka sai sun kira ka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma mai kaza a aljihu, to, shi dama ba ya jimirin as.

Shekaru goma da suka wuce in aka kashe maka laftof za ka yi tsaki, ka daure, ka nemi wata. Yanzu fa? Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma duk abin da ke cikin kwamfuta, daga batir har noti, da dala ake shigo da shi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne, wanda ba ya sayen laftof mai ɗan dama-dama ko da ta hannu ce. Ga shi kuma rayuwar ta koma cikinta. JAMB ta koma kwamfuta zalla tun 2015. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Poly da 'yan makarantar jinya ta nan Birnin Kudu, kowa aikinsa na ciki. Mai kafe da ke yi wa yara rajista yana buga takardu, kwamfuta ɗaya ce jarinsa, ita ce gonarsa. Wanda ya kashe masa ita ya kashe masa tukunya.

Abin da ya sa na kasa yin shiru ya faru ne a cikin gidanmu. Ɗan yayata yana ajin ƙarshe a Dutse. Uwarsa adashe ta yi na shekara guda, ta haɗa da kuɗin tumakinta biyu, aka saya masa laftof. Ya zo hutu, hinjin murfin ya karye, wato ƙarfen nan da ke riƙe sikirin in an buɗe. Ban da wannan lafiyarta ƙalau, a daren ma sai da ya yi rubutu a kanta. Ya kai wani shago, ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi layin ba, kada ma wani ya biyo ni ta saƙo yana tambaya. Da ya je karɓa, hinji ya gyaru, laftof na kunnuwa, fanka na juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin. In ka haska tocila a jikinsa sai ka hango rubutu dishi-dishi kamar inuwa. Aka ce masa sikirin ne, dama ya kusa mutuwa, ya kawo kuɗin sabo. Yaro ya ce shi da idonsa ya ga tana haske ranar da ya kawo ta. Aka ce to ya bari a sake dubawa. Wannan sake dubawar ita ce ajalinta. Bayan kwana biyu ko fitilar caji ba ta kawowa, noti biyu na ƙasa babu su, kuma in ka kai hanci kusa da ita kana jin ƙauri.

Muka kai ta Kano. Wani dattijon mai gyara ya buɗe ta a gabanmu, ya nuna mana wani tabo ruwan ƙasa kusa da inda wayar sikirin ke shiga bod, ya ce nan an sa wuta, kuma wanda ya sa bai san iyakarta ba. Na ce Baba, za ka rubuta mana wannan a takarda ka sa hannu? Ya yi dariya ya ce, "Alhaji rufa min asiri, ni da shi abu ɗaya muke ci da shi." Allah ya taimaka rumbun ajiyar bai taɓu ba, aka ciro wa yaro furojek ɗinsa. Laftof kuwa ta zama kayan gwangwan. Da muka koma shagon farko, tambaya ɗaya mai shi ya yi mana: wa ya ga na ƙona? Ba rasit, ba takarda, ba kowa a wurin lokacin da aka buɗe. Manya suka shiga, aka ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Garin neman gira aka rasa ido, kuma mai idon aka ce ya yi haƙuri.

Bari in ɗan buɗe muku cikin abin, don wanda bai san yadda ake kashe kwamfuta a kan teburin gyara ba, shi ake yi wa "dama haka take" ya tafi yana godiya.

Laftof ko a kashe take akwai wuta a cikin bod ɗinta muddin batir na haɗe. Shi ya sa darasin farko na wannan sana'a shi ne: ka cire batir kafin ka taɓa komai. Wanda ya zare wayar sikirin ko ya mayar da ita batir na ciki, in ƙananan haƙoranta suka goga juna, nan take fis ɗin hasken sikirin yake ƙonewa. Alamar kuwa ita ce wadda na faɗa muku, hoto yana nan amma ba haske. Ɗan mitsitsin abu ne da bai kai ƙwayar gero ba, mai hannu yana canza shi cikin ɗan lokaci. Wanda bai iya ba sai ya ɗauko bulowa.

Kai, bulowar nan! Ita ce allurar da wasu ke yi wa kowace cuta. Iska ce mai zafin da ke narkar da dalma, tana da amfaninta a hannun gwani. A hannun ɗan koyo kuwa gobara ce. Ya hura nan, ya hura can, ƙananan abubuwan da ke kusa su zame daga mazauninsu, roba ta narke, bod ya kumbura. Akwai ma wata dabara da ta fi wannan muni, a gasa babban cif ɗin da bulowa har kwamfutar da ta mutu ta farfaɗo. Za ta tashi kuwa, ka biya, ka yi ta sa albarka. Bayan sati biyu ko wata guda ta sake kwantawa, wannan karon ba tashi. Ka koma a ce maka ai wannan sabuwar matsala ce.

Sai notuna. Na laftof ba tsawonsu ɗaya ba. Ka ɗaura dogo a ramin gajere, ya huda abin da ke ƙarƙashinsa. Mai gyaran kirki yana jera su yadda ya kwance su. Wani kuwa a murfin kwalba yake zuba su tare da na wayar da ya buɗe jiya. In aka dawo maka da kaya noti bai cika ba, an gaya maka irin hannun da ya shiga ciki ko da ba a buɗe baki ba.

Akwai kuma wanda ba a gani sam. Kun san tartsatsin nan da bargo ke yi da hunturu, ko ɗan jan da ƙofar mota ke yi wa mutum in iska ta bushe? Wutar da jiki ke tarawa ce. Mutum ba ya ma jin ta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali abin da bai kai bolt 100 ba yana iya lalata wasu cif. Maganinta ɗan abin hannu ne mai waya da ake ɗaurawa, kuɗinsa bai kai na katin data na wata ba. Don Allah a cikinku wa ya taɓa ganin sa a hannun mai gyara a yankin nan? Mu da muke da hunturun da leɓe ke tsagewa, a kan kafet ko teburin roba ake baje mana bod, yaron shago na taɓawa da hannun da ya gama cin awara.

Ban ma zo kan musanye ba. Wannan ba kuskure ba ne, sata ce tsirara. Ka kai da RAM 8 a dawo maka da 4. A cire maka batir mai rai a sa gajiyayye. A ɗauke cajarka ta asali a ba ka 'yar kanti mai nauyin takarda. Mai kaya ba zai gane ba sai bayan kwanaki, ya ga kwamfuta tana ja kamar tsohon jaki, ya koma a ce masa bairos ne, kawo a yi fomatin. Fomatin ɗin ma wani bala'i ne, a share wa mutum aikin shekara uku ba tare da an tambaye shi ko yana da kwafi ba.

Na san amsar da masu gyara za su ba ni, kuma a cikinta akwai gaskiya. Za su ce yawancin laftof ɗin da ke hannunmu sun gama rayuwarsu a Turai kafin su zo Legas su iso Kano. Haka ne. Za su ce wutarmu ba ta da tabbas, ta zo da ƙarfi ta zo da rauni, ga janareta, ga sola da aka haɗa ba ƙa'ida. Haka ne. Za su ce kuna sa cajar da ba tata ba, kuna ɗora ta kan katifa ta toshe iska, ƙurar hunturu ta cika fanka, zafin bazara ya gasa ta, yaro ya zuba mata shayi a shanya a rana a kawo mana ba a faɗa ba. Wallahi duk ana yi. Akwai mai kawo gawa ya ce barci take, don ya samu wanda zai ɗora wa. Zato kuma zunubi ne, ban manta ba.

To amma ku duba inda wannan magana ta kai mu. Tun da abin yana da wuyar ganewa, tun da kowane ɓangare na iya yin ƙarya, wa ya kamata ya kawo hujja? Wanda ya miƙa kayansa ya tafi gida, ko wanda ya rufe ƙofa ya buɗe cikin kayan shi kaɗai? A yanzu mun ɗora wa wanda ba ya wurin, wanda bai san fis ba bai san cif ba, shi ne zai tabbatar da abin da ya faru a bayan idonsa. Wannan wace irin shari'a ce?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wannan tambaya an amsa mana ita tun fiye da shekara dubu, kuma amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Birnin Kudu da Gwaram kullum bayan Asuba da Magariba. A mazhabarmu ta Malikiyya akwai babin lamunin masu sana'a. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo shi, Mukhtasar na Khalil ya yi masa filla-filla, har wani malamin Maroko, Ibn Rahhal, ya ware masa littafi sukutum. Taƙaitaccen hukuncin shi ne, mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki ko marini ko maƙeri, in ya karɓi kayan mutum ya yi aikin a bayan idon mai shi, kayan suka lalace ko suka ɓata, shi zai biya. Ko da kyauta ya yi aikin. Ko da tun farko ya gindaya sharaɗin cewa ba ruwansa. Kuma ƙimar kayan ta ranar da aka miƙa masa zai biya. Abin da zai fitar da shi shi ne shaidar cewa abin ya lalace ba da sakacinsa ba. Malamai sun jingina wannan ga hukuncin Sayyidina Ali, dalilinsu kuma a fili yake: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu wurin masu sana'a, in aka ce duk abin da mai sana'a ya faɗa shi ke nan, dukiyar jama'a za ta salwanta.

Ku sake karanta wancan sakin layin, ku sa "mai gyaran laftof" a gurbin "marini". Me ya canza?

Kada wani ya ce na ɓoye rabin karatu. Malaman sun togace aikin da asalinsa kasada ne, irin huda lu'ulu'u ko sassaƙa dutsen zobe, inda ko gwani na iya fasawa. A nan ba a ɗora wa mai sana'a sai in ya yi ganganci ko ya yi aikin ba bisa yadda ake yin sa ba. Mai gyara na iya cewa aikin bod irin wannan ne, kuma ban musa masa ba. To amma mai lu'ulu'u ya san huda ya kawo a yi masa. Kai kuma hinji aka kawo maka, wa ya aike ka bod? In aikin ya kai inda za a sa wuta, ka ɗauki waya ka kira mai kaya ka ce malam, abin nan ko ta tashi ko ta mutu, in ci gaba? In ya ce bismilla, ka fita. In ba ka kira ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malaman zaure suna nan da ransu, alƙalan kotunan shari'a suna nan, ku je ku tambaye su ko na ƙara gishiri.

Shi ya sa nake jin zafi in an ce "ƙaddara ce, a yi haƙuri". Mun yi imani da ƙaddara. Amma waɗanda suka rubuta babin lamuni sun fi mu sanin ƙaddara, kuma ba ta hana su cewa a biya ba. Yafiya hakkin mai kaya ce, shi zai bayar in ya ga dama, bayan an amsa laifi. A wurinmu kuwa dattawa ke yafewa a madadin wanda aka cuta, saboda mai shagon ɗan wane ne, ko ana sallah sahu ɗaya da babansa. Kuma ku lura, haƙurin nan kullum ƙasa yake gangarowa. Ɗalibi ake ba shi, bazawara ake ba ta. Ranar da aka kashe laftof ɗin mai kaki ko wani babba a sakatariya, ba wanda ke tuna ƙaddara, kafin La'asar an nemo sabuwa.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mu haka ba. Dokar gasa da kare hakkin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda ya kai kayansa a yi masa aiki hakkin a dawo masa da su a yanayin da bai gaza wanda ya kawo su ba, in kuma aikin bai yi ba a gyara ko a mayar masa da kuɗi gwargwado. Amma ko ka je gaban hukuma ko gaban alƙali, tambayar farko ita ce: a wane yanayi ka kai ta? Nan kowa ke yin tsuru-tsuru, don ba abin da aka rubuta.

Kuma kada mu ɗauka halin namu ne mu kaɗai. A Amurka, a 2019, hukumar kare masu saye ta sa kamfanin Office Depot ya biya dala miliyan 25, abokin aikinsa Support.com ya biya miliyan 10, saboda shekaru sun yi suna nuna wa mutane sakamakon binciken bogi cewa kwamfutarsu na da alamun cuta don su biya kuɗin gyara. A Kanada, a 2018, 'yan jaridar CBC sun kai wata MacBook shagon Apple a Toronto aka yanka musu kuɗin gyara dala 1,200. Suka kai ta wurin wani mai gyara a New York, Louis Rossmann, ya ga ɗan haƙori ɗaya ne ya lanƙwashe a wayar sikirin, ya miƙe shi cikin ɗan lokaci bai karɓi ko sisi ba. Bambancinmu da su ɗaya ne: can akwai takarda, akwai abin kamawa, shi ya sa asiri ke tonuwa. Tarayyar Turai ma da ta yi dokar 'yancin gyara a 2024, sai da ta tsara fom na musamman da mai gyara zai iya ba mai kaya, a rubuta matsalar da kuɗin da lokacin da aikin zai ɗauka, kuma abin da aka rubuta ya tsaya kwana 30 ba canji.

Wani abin da ba ma so a taɓo: abin da ke cikin kwamfutar. Masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun gwada shagunan gyara a 2022, suka kama ma'aikata na leƙa hotuna da takardun masu kaya, wasu har da kwafa. Ɗan Joe Biden ma, laftof ya bari a shagon gyara a 2019, kafin zaɓen 2020 sirrinsa ya cika jaridun duniya. In haka ta samu wannan, ina ga ƙanwarka da ta miƙa laftof da lambar sirri a rubuce a jikin takarda? Mai canza maka hinji ko batir ba ya bukatar shiga cikin hotunanka.

To me nake nema? Takarda. Wallahi takarda kawai.

Mai cajin waya a bakin tasha, wanda Naira ɗari ko biyu yake karɓa, yana manna wa wayarka lamba ya ba ka kati. Mai ajiyar babur ranar kasuwa yana ba ka shaida. Mai wanki da guga yana ƙirga kayanka a gabanka ya yi musu alama. Direban da ka ba saƙo a tasha yana rubuta lambar wayarka a jikin kwali. Sai mai karɓar kayan dubu ɗari biyu, ɗari uku, shi ne zai ce "ajiye nan, ka dawo jibi"? A garin da mutanen da suka bar mana zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, yana nan har yau ana zuwa kallo, a ce an rasa mai rubuta layi biyar a takarda?

Abin da za a rubuta ba shi da yawa. Sunan kwamfutar da lambar siriyal da ke ƙasanta. Tana kunnuwa ko ba ta kunnuwa, a gwada a gaban juna, sikirin da kibod da caji. RAM nawa, rumbun ajiya nawa, an bar caja ko ba a bari ba. Aikin da aka kawo a yi, da kuɗinsa. Sai layi ɗaya a ƙasa: ba za a taɓa wani abu ban da wannan ba sai an kira mai kaya. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, duk abin da aka cire kuma a miƙa wa mai shi tsohon a hannu. Minti biyar. Kuma malam mai gyara, kai ma takardar nan rigarka ce. Ranar da wani ya kawo maka gawa ya dawo yana ihu a ƙofar shago cewa da ranta ya kawo, ita za ka zaro. Mai gaskiya ba abin da zai rasa. Wanda duk ya ƙi ta, ya gaya mana dalili.

Ku kuma 'yan uwa masu kaya, kafin a samu masu yarda, wayar da ke hannunku ta isa shaida. Ka ɗauki bidiyon laftof tana aiki a cikin shagon, a kan teburinsa, fuska a sake ba da faɗa ba. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka ɗauki hoton adadin RAM da sunan rumbun ajiya. Akwai 'yar manhaja kyauta, CrystalDiskInfo, tana nuna lambar rumbun da awannin da ya yi yana aiki, wanda aka musanya masa zai gane nan take. Ka kwashe aikinka a filash ko ka tura wa kanka ta imel tun a gida. Ka duba bayan cajarka ka san lambarta, yawancin HP da Dell 19.5 ne, Lenovo 20, ka yi mata alama da jan farce. In aikin na awa ɗaya ne, ja benci ka zauna. Wanda ya ce ba ya aiki ana kallonsa, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Shugabannin masu gyara na Birnin Kudu da Gwaram, ku ya kamata ku riga kowa. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ku kun san waken, kun san wanda ya yi wata uku a Kano yana miƙa wa oga sukundireba ya dawo ya sa allo ya rubuta injiniya. Ku zaɓi mutum uku a cikinku da za su riƙa duba kayan da ake rigima a kai su faɗi gaskiya a rubuce, don kada a bar mutum ɗaya da tsoron ɓatawa da ɗan uwansa kamar dattijon nan na Kano. Gwamnati kuma, jihar da ta kafa cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure tun zamanin Saminu Turaki, jihar da ɗanta Kashifu Inuwa ya samu shugabancin NITDA tun 2019, bai kamata a ce samarinta na koyon gyaran bod ta hanyar gwaji a kan dukiyar marayu ba. Ana ta horar da yara rubuta manhaja, madalla. A haɗa da masu riƙe bulowa, ko na sati shida ne, a gwada su, a ba wanda ya ci shaidar da zai rataya a shago mu gani.

Ni dai ga nawa. Na tsara takardar, shafi ɗaya ce, da Hausa. Duk mai shagon gyara a Birnin Kudu ko Gwaram da ya yarda zai fara aiki da ita, ya yi min magana, zan buga masa kwafi 100 na farko da kuɗina in aiko masa har shago, in kuma rubuta sunan shagonsa a nan don jama'a su san inda za su kai kayansu. Ranar Juma'a mai zuwa zan sa sunayen waɗanda suka amsa.